Tambayi Malamin Gona: Ƴar Kwalbar da Aka Ce Ta Kai Buhu

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan fitowar, wasiƙu huɗu ne suka zo a kan kalma guda kamar an haɗa baki: nano. Tun da wani bidiyo ya fara yawo a WhatsApp wayata ba ta huta ba. Ko a masallacin unguwarmu da ke Birni, bayan sallar Asuba, sai da wani ya riƙe mini hannun riga yana nuna mini shi. Don haka na ajiye tambayoyin murzuna da na ajiyar wake zuwa fitowa ta gaba. Masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai lambu ne a kwarin Gidimuni. Da rani ina yin shu da tumatir da albasa, da damina kuma gero da wake a jigawa. An turo mini bidiyo, wani Ba'indiye ya ɗora ƴar kwalba a kan buhun ure, ya ce wannan ta maye gurbin wancan, wai takin nano ne, a ganye ake fesa shi. Wani ɗan kasuwa da ke cin kasuwar Maigatari ya ce in ba shi kuɗi ya samo mini katan guda. Kuɗin buhu biyu ne kaɗai a hannuna bana. In ba shi? (Mai lambu, Gidimuni)

AMSA: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Kwalbar akwai ta, ba ƙarya ba ce. Kayan da aka ɗora mata ne suka fi ƙarfin wuyanta.

Bari in fara da kalmar, don na ji wasu na zaton sunan kamfani ne. Nano awo ne, kamar kamu ko taƙi, sai dai na abin da ido ba ya gani. Dubi milimita guda, wannan ɗan tsagin da ke jikin rular ƴan lakwal. Raba shi gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kanka ya kai wajen nanomita 80,000. Duk garin da ƙwayoyinsa ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100, shi ake kira kayan nano. To me ƙanƙanta ke ƙarawa? Tambayi uwargidanka. In ta jefa dunƙulen kanwa a tukunyar wake sai ta jira, in ta daka ta barbaɗa kuwa, kafin ta juya baya ta narke. Kanwar dai ita ce, nauyinta bai ƙaru ba, fuskar da ruwa ke taɓawa ce ta yawaita. In an kai matakin nano har hali yakan canza: zinariyar da muka sani rawaya, in aka mai da ita irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ruwa, ja take komawa.

Wadda ta fi suna cikin irin kwalaben nan ta IFFCO ce, babbar ƙungiyar gama-kai mai yin taki a Indiya, da ta fito da ita a 2021. Rabin lita ce, suka ce tana iya tsayawa a madadin buhun ure mai kilo 45 (haka buhunsu yake, namu 50 ne). A jikinta an rubuta azot kashi 4 cikin ɗari (azot, wato naitirojin, shi ne sinadarin da shuka ke ci a jikin ure). Sai na ɗauko alƙalami. Kashi 4 na rabin lita, giram 20 ke nan. Shi kuwa ure kashi 46 cikin ɗari azot ne, wato buhun kilo 45 yana ɗauke da azot sama da kilo 20. Giram 20 a nan, kilo 20 a can. Ninki dubu.

Da na gama lissafin sai na kasa yarda da kaina. Na taka zuwa teburin mai shayin bakin titinmu, na ce ya ba ni ƙwayar sukari huɗu, kowace wajen giram biyar. Na jera su a tafin hannuna. Ga nauyin azot ɗin kwalbar gaba ɗaya, ina dunƙule hannu ya ɓace. Mai shayi ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, gona nake yi wa taki.

Masu kwalbar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce ure ɗin da ake watsawa a ƙasa galibinsa asara ce: wani ya bi iska, wani ruwa ya wanke shi, shuka ba ta cin fiye da kashi 30 zuwa 40. Wannan haka yake, a jigawarmu ma abin ya fi muni, don rairayi ba ya riƙon amana. To mu yi musu rangwame. A ce kilo 6 kaɗai shuka ta ci daga buhun, a ce kuma giram 20 ɗin nan ko ɗigo bai zube ba. Har yanzu ninki 300 ne tsakaninsu. Shuka kuwa da azot take gina tsaba. Buhun gero mai kilo 100 yana barin gona da azot da ya kusa kilo biyu a cikin ƙwayarsa, ban da wanda ya tafi a kara da ganye. Giram 20 bai wuce rabon gero kilo ɗaya da ɗan kai ba, ko rabin tiya bai cika ba. Sauran daga ina zai fito? Daga ƙasarka. Ganye na iya yin kore shar bana ka yi murna, alhali rumbun gonar ake ɗiba ba a zubawa. Wani abin da ya ba ni dariya kuma, ure in ya narke a ruwa, ƙwayarsa ta fi ta nano ƙanƙanta, feshinsa a ganye kuwa tsohon aiki ne tun muna makarantar gona.

A can Indiya ma ba a yi shiru ba. Jami'ar aikin gona ta jihar Punjab ta gwada shi shekara biyu a kan shinkafa da alkama. Inda aka rage ure aka cike da feshin nano, amfani ya ragu, sinadarin gina jiki da ke cikin tsabar shi ma ya ragu. Daga baya kamfanin ya fito da samfurin da ya fi ƙarfi, amma har yau da giram ake ƙirga azot ɗinsa, ba da kilo ba. Su kansu ba su ce a bar takin ƙasa ba, cewa suka yi feshin ya rage wani sashe na ure ɗin da ake ƙarawa bayan shuka ta tashi. Mai bidiyon ne ya yanke wannan wurin.

Da ni ne da kuɗin buhu biyu, DAP ko NPK zan fara saya, don abin da ƙasarmu ta fi rasa shi ne fosfor, sinadarin da takin nan biyu ke ɗauke da shi. In sa shi rami-rami, yadda masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai da na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, suka daɗe suna nunawa: tsunkulen yatsa uku na DAP, wajen giram 2, ko cikin murfin kwalbar lemo na NPK 15-15-15, wajen giram 6, a kowane rami lokacin shuka. Eka mai rami 10,000 kilo 20 na DAP ya ishe ta. In kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya, ka sayi kwalba guda, ba katan ba. Ware fangali uku na shu masu girma ɗaya. Na farko ka yi masa taki yadda ka saba. Na biyu ka rage ure ka fesa na kwalba. Na uku ka rage ure daidai da na biyu, ka fesa ure narkakke, giram 10 a lita guda, da yamma in rana ta yi sanyi. Ranar yanka ka ɗora kowanne a sikeli, kada ka yanke hukunci da launin ganye. Ka rubuto mini abin da sikeli ya ce, zan buga shi a wannan shafi ko da ya ƙaryata ni.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗalibar kimiyyar halittu ce a Jami'ar André Salifou. Malaminmu ya ce a Amurka an cusa wa ganye wasu ƴan bututun kabon, aikin fotosantez ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari. In haka ne me ya hana a yi wa geronmu, mu da rana ta yi mana yawa? Ai da mun yi bankwana da yunwa. (Ɗaliba, Zindar)

AMSA: Ƴata, malaminki bai yi ƙarya ba, kuma tambayarki ta yi mini daɗi. Amma bari in ɗan jira masu karatun da ba su zauna ajinku ba.

Abin da kuke kira fotosantez ni girkin ganye nake ce masa. A cikin kowane koren ganye akwai ƴan madafai, sunansu kuloroplas. Hasken rana shi ne wutar murhu. Ruwan girki daga saiwa yake hawowa. Garin tuwon kuwa iskar kabon ce, wadda ganye ke shaƙa ta wasu ƴan ƙofofi. Abin da aka sauke sukari ne, da shi shuka ke gina kara da zangarniya, oksijin ɗin da muke shaƙa kuma shi ne tururin da ya fita.

Ƙofofin nan za ki iya ganinsu gobe in kin shiga labo. Samo man farce marar launi, ki shafa a bayan ganyen wake, ki bar shi ya bushe, ki ɗaye shi da salatif ki manna a gilashi. Ranar da na fara leƙa irin wannan a madubin ƙara girma, ina saurayi, sai da na ɗago kai na sake duban ganyen da ke hannuna. Ɗaruruwan bakuna ne a jere, kowane baki leɓɓansa kamar ƙwayar wake biyu sun fuskanci juna. Ki yi na gero ki kwatanta. Nasa leɓɓan kamar taɓarya suke, kauri a kai da kai, tsakiya siririya.

Ta waɗannan ƙofofi aka bi a gwajin da malaminki ya faɗa. A 2014 ne, a jami'ar MIT, ɗakin binciken Farfesa Michael Strano, wanda ya ja aikin kuma Juan Pablo Giraldo ne. Bututun da ake magana shimfiɗar kabon ce mai kaurin zarra guda, an naɗe ta kamar tabarma, faɗinta wajen nanomita ɗaya. Suka zuba su a ruwa, suka danna ruwan a bayan ganye da sirinji marar allura, bututun suka ratsa har cikin madafan. Amfaninsu shi ne suna kama hasken da koren ganye ba ya iya kamawa, don ganye bai kai ga amfani da rabin ƙarfin da ke cikin hasken rana ba. Da suka auna, sai suka ga gudun lantarkin da haske ke tayarwa a cikin madafan ya ƙaru da wajen kashi 30.

A nan nake son ki tsaya. Wutar murhu ce ta ƙaru da kashi 30, ba tuwo ba. Ba a auna buhu ba, ba a auna dami ba. Shukar ma ba hatsi ba ce, wata ƴar ciyawa ce mai suna Arabidopsis da masu bincike ke so don tana saurin yin iri a cikin ɗaki. In kin ƙara itace a murhu, tukunya babu ruwa babu gari, me kika ƙara in ba ƙauri ba?

Mu kuwa a Damagaram wuta ba ta taɓa yi mana kaɗan ba. Ruwan da muke samu a shekara wajen milimita 400 ne, a cikin ƴan watanni, shi ma da tsallake-tsallake. Shiga gonar gero da azahar, in an yi kwana goma ba a samu ruwa ba. Za ki ga ganye ya nannaɗe kansa kamar an murza shi, launinsa ya koma toka-toka. Ba mutuwa ya yi ba, ƙofa ya rufe don kada ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙofa a rufe kuwa iskar kabon ba ta shiga, girki ya tsaya, ga rana tana ta zuba wuta. Wannan rarar hasken ba ta zama banza kawai, takan haifar da wani irin oksijin mai ƙuna da ke lalata madafan kansu. Ganyen da ke cikin wannan hali ba ƙarin haske yake roƙo ba.

Akwai kuma bambancin dangi. Gero da dawa da masara da rake suna cikin waɗanda ake kira C4: suna da wata dabara ta tattara iskar kabon su cusa ta daidai bakin tukunya, shi ya sa zafi bai cika dame su ba. Wake da gyaɗa da shinkafa da alkama da tumatir C3 ne, ba su da ita. In zafi ya yi yawa, sinadarin da ke kama musu kabon, mai suna rubisko, yakan yi kuskure ya kamo oksijin, aiki ya koma baya. Ciyawar MIT ƴar gidan C3 ce. Abin da aka gani a jikinta ba a ɗauke shi a ɗora wa gero kai tsaye. Ki kuma ƙiyasta ranakun da za ki yi kina bin ganyen eka guda da sirinji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan fanni ba bututun ba ne. Shi Giraldo ɗin da ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, a 2017 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin nano na seriyom, ƙarfen nan da ke cikin ƙanƙarar laita, suna shanye wancan oksijin mai ƙuna, ganye ya ci gaba da girki duk da zafi da tsananin haske. Duk wanda ya taɓa kallon furen tumatirinsa yana kakkaɓewa a zafin Afrilu ya san inda wannan zai yi amfani. A 2019 kuma masu bincike na cibiyar taki ta IFDC a Alabama suka sa ƙwayoyin nano na zinki a ƙasar da aka shuka dawa aka hana ta ruwa. Dawar da ta samu zinkin ta riga wadda ba ta samu ba fitar da kai, ta fi ta tsaba, zinkin da ke cikin tsabar ma ya ƙaru. Amma a tukwane aka yi, cikin ɗakin gilashi, inda babu hazo, babu iskar da ke binne tsiro da rairayi, babu akuyar maƙwabci.

In kina neman abin da za ki rubuta a kundin kammala karatu, ga shi na ba ki. Ɗebo ƙasa daga gindin gawo a Miriya, ki ɗebo wata daga fili taku talatin nesa da shi, ki shuka gero iri ɗaya. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, dabbobi sun kwana a inuwarsa duk rani sun bar taki. Tazarar da za ki gani tsakanin tukwanen biyu, ita ce ma'aunin da duk wani sabon gari, na nano ko ba na nano ba, zai zo ya gwada kansa da shi a ƙasar nan.

TAMBAYA: Malam, ni kwaɗon zogale da na rama nake sayarwa a bakin tasha. In masu lambu suka fara fesa abin nan, wanki yana fitar da shi? Ƴaƴana ma daga cikin robar suke ci. (Uwar yara, Zango)

AMSA: Hajiya, kayan nano ba jinsi ɗaya ba ne. Na ure, in ya shiga ganye, azot ne kamar kowane azot, shuka ta cinye shi. Waɗanda ake sa wa ido su ne na ƙarafa: azurfa, seriyom, titaniyom, zinki. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Wanki na ɗauke wanda ya kwanta a fatar ganye, wanda ya shige ciki kuwa ko kin wanke sau bakwai yana nan.

A 2012 masu bincike a Santa Barbara ta Kalifoniya suka shuka waken suya a ƙasar da aka gauraya da irin waɗannan ƙwayoyi. Zinkin ya hau har ganye da ƙwayar waken. Seriyom ɗin, wanda na gama yabo a amsar da ke sama, ya taru a ƙulle-ƙullen saiwa, inda aka sa shi da yawa kuma ya durƙusar da aikinsu. Kin san ƙulle-ƙullen nan? In an tuge wake ko gyaɗa za ki gan su a saiwa kamar ƴan duwatsun wuya. Tsaga ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna ɗebo azot daga iska suna ba gona kyauta. Talaka ba shi da masana'antar takin da ta wuce wannan, shi ya sa nake tsoron duk abin da zai taɓa ta. Ƙungiyar Tarayyar Turai kuma a 2022 ta hana sa farin garin titaniyom a abinci, wanda ake sa wa alewa da cingam don su yi fari, saboda masananta sun ce ba za su iya tabbatar da cewa ƙananan ƙwayoyinsa ba sa cutarwa ba.

Sai dai tsakanina da ke, Hajiya, haɗarin da ke bakin robarki yau ba nano ba ne. Maganin ƙwari ne da ake tsiyayawa a gorar ruwa babu suna babu takarda, a fesa yau a yanki ganye gobe. Da idona na ga mai lambu yana juya irinsa da hannu a bokiti. Ki riƙe mai lambu guda da kika yarda da shi, ki riƙa tambayarsa ranar da ya yi feshi na ƙarshe. Mai feshin kuma, ko me ke cikin famfonsa, ya rufe hanci da baki ya juya wa iska baya, don ƙwaya in ta yi ƙanƙanta har ƙasan huhu take sauka.

TAMBAYA: Kaka, wai gaskiya ne akwai ganyen da ke haske da dare kamar fitila? In akwai ka aiko mini da iri in shuka, in an ɗauke wuta in yi karatu. (Ɗan aji biyar, Sabon Gari)

AMSA: Kai, ja'iri! Kai ne kullum kake cewa za ka ƙwace mini mata, ga shi ko kuɗin batir ba ka da shi?

Gaskiya ne. Mutanen MIT ɗin nan ne dai, a 2017. Suka ɗauki sinadaran da ke sa makesu walƙiya, suka ƙunsa su a ƙwayoyin nano, suka nutsa wani ganyen ruwa da Turawa ke ci kamar salati a cikinsu, suka matsa har suka shige ta ƙofofin ganyen. Ya yi haske kusan awa huɗu. Amma su da bakinsu suka ce hasken tsiro guda bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na abin da ake bukata a yi karatu ba, ko baƙin alif ba za ka gani ba. Iri kuma babu, don ba a jinin shukar abin yake ba, ɗura mata aka yi, in ya ƙare ya ƙare. In damina ta sauka ka zo in kai ka bakin tabki bayan Magariba, ka kama makesu a kwalba ka ga irin hasken da idonka. Ka huda murfin, kuma ka sake su kafin ka kwanta.